Kwana guda da ke tsare jariri daga ciwon hanta

Ni manomi ne kamar ku, a wani ƙauye na jihar Maradi. Da rani kuma ina karantar da manya a ajin yaƙi da jahilci. Yau ina so mu yi zancen wata cuta da ke zaune cikin gidajenmu da yawa ba mu sani ba. Likitoci suna ce mata ciwon hanta na B.

Wata ƙwayar cuta ce ke kawo shi. Ido ba ya ganinta. Tana zama cikin hanta, tana yawo cikin jini. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ake kira OMS, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da ita a duniya. Wajen miliyan 65 daga cikinsu a Afirka suke. A shekarar nan kaɗai ta kashe mutum fiye da miliyan 1. Afirka ta Yamma tana cikin wuraren da ta fi yawa.

Ga abin mamaki game da wannan cuta. In babban mutum ya kamu da ita, yawanci jikinsa zai kore ta cikin wata shida. Cikin manya 100, waɗanda za ta zauna wa ba su kai 5 ba. Amma in jariri ne ya kamu ranar haihuwa, cikin 100, wajen 90 za ta zauna jikinsu har tsufa. Ƙwaya guda ce, amma hali biyu. Dalilin wannan bambanci shi ne abin da nake so in ba ku labari, domin ya shafi gidana.

Yadda muka sani

Lokacin da uwargidana take da ciki na uku, ta je awo gidan likita. Aka ɗebi jininta. Bayan kwanaki ungozomar likita ta aiko a kira ni. Muka je tare. Ta ce: "Malam, an ga ciwon hanta na B cikin jinin maiɗakinka. Kada hankalinku ya tashi. Da akwai abin yi, kuma lokaci bai ƙure ba."

Na dubi matata. Lafiyarta lau. Tana daka, tana ɗebo ruwa, tana zuwa gona. Idonta fari tas, babu alamar shawara. Na ce wa ungozoma: "Malama, wannan mata ko ciwon kai ba ta cika yi ba." Ta ce haka cutar take. Mutum yana iya ɗauke da ita shekara 20 ko 30 bai ji kome ba. Awon jini kaɗai ke nuna ta.

Sai ta tambayi matata ko akwai wanda ya taɓa yin ciwon hanta cikin danginta. Nan matata ta yi shiru. Yayanta, uwa ɗaya uba ɗaya, ya rasu bai kai shekara 40 ba. Cikinsa ya kumbura da ruwa, idanunsa suka yi rawaya, ya rame. An ce sammu ne. An yi ta jiƙe-jiƙe da turare. Ya bar mata da ƴaƴa ƙanana. Ungozoma ta ce mai yiwuwa ne su biyun daga mahaifiyarsu suka samo, ita ma daga tata. Haka cutar take bin zuriya, mutane su ɗauka gado ne ko asiri.

Aka auna mu duka. Ni an ce na taɓa kamuwa, amma jikina ya kore ta, har ya bar garkuwa. Ɗanmu na biyu ba shi da ita. Babbar ɗiyarmu kuwa tana ɗauke da ita. A gida aka haife ta, a lokacin da ba a yin wannan awo a wajenmu.

Na yi ta tambaya, wajen ungozoma da wajen likitan da aka tura mu gare shi a birni. Abin da na gane shi ne zan faɗa muku da kalmominmu na gona da ruga.

Masu gadin jiki

Allah ya sa wa jikin kowa masu gadi cikin jini. Likitoci suna ce musu garkuwar jiki. Aikinsu kamar na karen ruga ne. Ya san mutanen gida, ya san dabbobin gida. In baƙo ya tunkaro da dare, sai ya yi haushi, ya kai cizo.

In ƙwayar ciwon hanta ta shiga jikin babba, masu gadi suna gane ta baƙuwa ce. Sai faɗa ya tashi cikin hanta. Wani ya yi zazzaɓi, ya ji kasala, fitsarinsa ya yi duhu, idonsa ya yi rawaya. Wani ma ba zai ji kome ba. Bayan faɗan, jiki ya yi nasara, kuma ya riƙe kamannin ƙwayar. In ta sake dawowa, ba ta samun ƙofa. Abin da ya same ni ke nan.

Mace mai ciki kuwa tata daban ce. Abin da ke cikinta rabinsa na uba ne. Ga masu gadin jikinta, shi ma kamar baƙo yake. Da za su yi masa irin faɗan da suke wa cuta, da cikin bai zauna ba. Don haka jikin mai ciki yakan sassauta gadi har ta haihu. Hikimar Ubangiji ce. Amma ƙwayar cuta da ke jikinta ita ma tana shan iska cikin wannan sassauci.

Tsakanin uwa da ɗa akwai mabiyiya, wadda wasu ke ce wa uwar tafiya. Kamar rariya take. Tana barin abinci da iska su wuce zuwa ga ɗa, tana tare abubuwa da yawa. Ƙwayar ciwon hanta ba ta cika ratsa ta ba. Yara kaɗan ne ke kamuwa tun suna ciki. Mafi yawa suna kamuwa ne wajen naƙuda, sa'ad da jinin uwa da ruwan haihuwa suka taɓa ido, da baki, da fatar jariri.

Amma da wani abu da ke ratsa rariyar. A jikin wasu mata, ƙwayar tana hayayyafa ƙwarai, tana zubar da wani ɗan ƙanƙanen sinadari cikin jini. Likitoci suna kiransa alamar E. Shi yana wuce mabiyiya, ya isa ga ɗa tun yana ciki. A lokacin nan masu gadin jikin ɗan suna koyon sanin na gida da baƙo. Duk abin da suka tarar a wurin, sai su ɗauka na gida ne.

Ku duba misali. Ɓarawo mai wayo yana zuwa ruga tun kare yana ɗan kwikwiyo. Kullum kwikwiyon yana shinshinar rigarsa. Ran da kare ya girma, ɓarawo ya zo kwance saniya, karen ba zai yi haushi ba. Wutsiya ma zai kaɗa masa. Haka alamar E take yi wa jikin jariri. Ran haihuwa, in ƙwayar kanta ta shigo, ba mai tare ta. Ko ba wannan alama, masu gadin jariri ba su yi ƙwari ba tukuna. Shi ya sa cutar take samun wurin zama.

Uwar da ke da alamar E, in ba a yi rigakafi ba, cikin jarirai 100 tsakanin 70 da 90 za su kamu. Wadda ba ta da ita, hatsarin ya ragu sosai, amma bai kau ba. An auna matata, aka ce tana da alamar E, kuma ƙwayar tana da yawa cikin jininta.

Akwai kuma wata kyauta da uwa ke ba ɗanta cikin wata uku na ƙarshen ciki. Garkuwar da jikinta ya tara game da cututtuka iri-iri tana ratsa mabiyiya ta shiga jikinsa, ta tsare shi watannin farko. Matar da aka yi wa allurar ciwon hanta, ko wadda ta kamu ta warke, tana ba ɗanta wannan garkuwa. Amma wadda cutar ta zauna wa ba ta da irin wannan garkuwar. Abin da mutum ba shi da shi, ba ya bayarwa.

To, in jiki ba ya faɗa da ƙwayar, ina illarta? Illar tana zuwa daga baya. Ita ƙwayar ba ta cika ɓata hanta da kanta ba. Faɗan da jiki ke yi da ita ne ke yi wa hanta rauni. Yaro yana girma lafiya, domin ba a faɗa. Bayan shekaru masu gadi su farga, su fara yaƙi, amma ba su iya gamawa. Yau faɗa, gobe sulhu. Kowane faɗa yana barin tabo. Tabo kan tabo, hanta ta taurare, ko ciwon daji ya fito. Cikin waɗanda suka ɗauki cutar tun suna jarirai, kusan 1 cikin 4 ita ce ke zama ajalinsu in ba a kula da su ba. Kuma tana kayar da mutum ne daidai lokacin da ya fi ƙarfin noma.

Abin da aka yi mana

Likita ya ce abu uku ake yi, kowane da lokacinsa.

Na farko na uwa ne. Matar da ƙwayar ta yi yawa a jininta ana ba ta wani magani, sunansa tenofobir, ƙwaya ɗaya kullum. Matata ta fara sha tun cikin yana wata bakwai. Maganin yana rage yawan ƙwayar, don ran haihuwa abin da zai taɓa jariri ya zama kaɗan. OMS ta ba da wannan shawara a shekarar 2020. Likita ne ke cewa a fara, shi ne kuma ke cewa a daina. Ba a sayensa a tebur cikin kasuwa.

Na biyu shi ne babba: allurar rigakafi ga jariri cikin awa 24 na farko. Cikin allurar babu ƙwaya mai rai. Ɓawonta kawai aka kwaikwaya. Ana nuna wa masu gadin jariri rigar ɓarawo a fili, a ce musu wannan ba na gida ba ne. Ƙwayar da ta shiga wajen haihuwa tana bukatar lokaci kafin ta kafu cikin hanta. Tsere ne tsakaninta da allura. In allura ta riga, yaro ya tsira. Kowane kwana da aka ƙara, ƙarfin kariyar yana raguwa.

Na uku wata allura ce ta garkuwar aro. Ana tace ta daga jinin mutanen da ke da garkuwa. Tana aiki nan take, amma ba ta wuce ƴan watanni. Kamar ka aro karen maƙwabci ne kafin naka ya girma. Tana da tsada, kuma sai a manyan birane. In an haɗa ta da allurar farko, wajen jarirai 9 cikin 10 suna tsira, ko da uwar tana da alamar E. In ba a same ta ba, allurar farko ita kaɗai ma tana tsare yara da yawa.

Ungozoma ta sa muka nemi allurar rigakafi tun cikin yana wata takwas. Aka ajiye ta cikin firigon gidan likita, domin zafi yana ɓata ta. Na yi magana da mai amalanke, na ce ko tsakar dare ne zan buga masa ƙofa. Ran da naƙuda ta zo, muka tafi. Aka sami ɗa namiji da asuba. Kafin hantsi an yi masa allura a cinya.

Bayan haka ya karɓi allurar Penta, wadda ake yi wa yaran Nijar tun shekarar 2008. Ana yin ta a sati 6, da sati 10, da sati 14. Tana tsare cuta biyar, har da ciwon hanta na B. Alheri ce babba. Amma ku lura, sati 6 ya yi nisa ga jaririn da ya gamu da ƙwayar ranar haihuwa. Shi sai an haɗa masa da ta ranar farko. Da yaronmu ya kusa shekara, aka auna jininsa. Babu cutar. Alhamdu lillahi.

Maganar cikin gida

Aikin likita ya fi sauƙi bisa ga maganar gida. Da mahaifiyata ta ji labari, ta ce a ware wa matata kwano da moɗa. Ta ce kuma kada ta shayar da jinjiri. Wasu dangi har sun fara raɗe-raɗin a mayar da ita gidansu.

Na zauna da tsohuwa da dare. Na ce: "Inna, cutar nan ba ta bin tuwo, ba ta bin fura. Ba ta bin gaisuwa ko tari. Sauro ma ba ya ɗaukarta. Jini take bi, da kwanciyar aure, da haihuwa." Ta ce: "To nono fa?" Na ce likita ya ce a shayar, har da dakashin farko da ake zubarwa, domin yana cike da garkuwa. Yaron da aka yi wa allura, nono ba ya cutar da shi. Na ce mata kuma: "Inna, ita ma jaririya ce aka ba ta, ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba. Wa za a ga laifinsa?" Tsohuwa ta yi shiru. Da safe na ga sun sa hannu cikin ƙwarya ɗaya.

Akwai al'adarmu ta cewa jinjiri ba ya fita sai an yi suna, maijego kuma sai ta yi arba'in. Al'ada ce mai hutar da uwa. Amma ƙwayar cuta ba ta jiran ranar suna. In an haihu a gida, uba ko kaka su rufe jinjiri da zane, su kai shi gidan likita ranar nan, su dawo da shi.

Sai maganar wanzami. Ranar suna ana aski. Wasu suna cire hakin wuya, wasu suna tsaga. Ƙwayar nan tana iya kwana 7 da ranta cikin busasshen jini a bakin aska. A ƙasashenmu yara da yawa da suka tsira ranar haihuwa suna kamuwa daga baya, ta aska, da ƙuraje, da raunukan wasa. Yaro ɗan shekara 1 zuwa 5 in ya kamu, wajen 3 cikin 10 cutar tana zauna musu. Ni na sayi sabuwar reza na miƙa wa wanzami. Na ce aski kawai. Bai ji haushi ba. Yanzu ma shi ke cewa kowa ya kawo tasa.

Kada a manta da maijego. Bayan haihuwa, masu gadin jikinta da suka sassauta suna farkawa da ƙarfi. A jikin wasu mata sai faɗa ya tashi cikin hanta a wata shida na farko. Yawanci yana lafawa da kansa. Amma in an ga idonta ya yi rawaya, ko fitsarinta ya yi duhu, ko kasala ta yi yawa, a kai ta likita, kada a tsaya jiƙo. Matata ta koma awo sau biyu cikin watannin nan.

Mu manoman gujiya da masara muna da ƙarin abin lura. In amfanin gona bai bushe sosai ba aka zuba rumbu, yana yin fumfuna. Fumfunar nan tana da dafi, ana ce masa aflatoksin. Yana cutar da hantar kowa. Ga mai ɗauke da ciwon hanta na B kuwa, yana ninka hatsarin ciwon daji. A gidana yanzu muna shanya gujiya sosai, muna tsince ruɓaɓɓu da masu ɗaci. Ba a yin ƙuli-ƙuli da su, ba a ba yara.

An gwada an gani

Wani likitan Amurka, Baruch Blumberg, shi ya gano alamar ƙwayar nan cikin jini a 1965. An ba shi lambar yabo ta Nobel a 1976. Ranar haihuwarsa, 28 ga watan Yuli, ita ce ranar tunawa da ciwon hanta a duniya. An fara samun allurar rigakafi a farkon shekarun 1980.

A tsibirin Taiwan, can gabashin Asiya, a da iyaye mata da yawa suna da alamar E. A 1984 suka fara yi wa jarirai allura. A lokacin, kusan yara 10 cikin 100 a babban birninsu suna ɗauke da cutar. Zuwa 1999 ba su kai 1 cikin 100 ba. Ciwon dajin hanta ma ya ragu cikin yaransu. Nan kusa da mu, ƙasar Gambiya ta fara yi wa jarirai allurar a 1986, kuma yaran da aka yi wa sun girma cutar ta yi ƙaranci ƙwarai cikinsu. Abin da ya yiwu can zai yiwu a Maradi, da Damagaram, da Tawa.

Babbar ɗiyata tana nan lafiya, tana lakkwal. Ana auna hantarta lokaci-lokaci. Har yanzu babu maganin da ke fitar da ƙwayar gaba ɗaya daga jikin wanda ta zauna wa, amma akwai mai danne ta, ya tsare hanta shekara da shekaru. Na gaya mata gaskiya daidai hankalinta. Ran da Allah ya kai ta ɗakin miji, za a auna mijin, a yi masa allura in ba shi da garkuwa. Ran da ta sami ciki, ta san abin da za ta nema. Abin da ya bi kaka, ya bi uwa, ya bi ɗiya, in Allah ya yarda ba zai kai ga jika ba.

Ƴan'uwana maza, yawancin wannan aiki a hannunmu yake. Mu ke ba da izinin zuwa awo. Mu ke biyan kuɗin mota da na awon jini. In matarka ta sami ciki, ka ce ta roƙi a duba mata ciwon hanta na B, a rubuta cikin takardar awonta. In an ga cutar, kada ka yi fushi, kada ka ɓoye. Ka kai kanka a auna, da sauran matanka, da ƴaƴanka. Ka tambayi ungozoma tun da wuri inda za a sami allurar ranar farko. Kuɗinta bai kai na ragon suna ba. Wanda ya iya karatu cikinku, ya karanta wa maƙwabcinsa wannan shafi, mata kuma su kai maganar bakin rijiya.

Rigakafi ya fi magani. Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya mana zuriya, ya ba mu damina mai albarka. Amin.